Abin Da Ke Cikin Shafin Koriyar Riga

Jama'a, ku yi min afuwa, na san na ɓace muku kwana biyu. Wallahi ba jan aji ba ne. Ina Guangzhou, garin da sai ka yi ta lallashin VPN kamar jinjiri kafin WhatsApp ya yarda ya buɗe. Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Surayya, ina koyarwa a wata firamare a Kano. An sa ranar aurena bayan babbar salla, amma yanzu haka da nake muku rubutun nan ban san ko akwai sauran auren ba. Kaina a ɗaure yake tamau. Bari in faro muku daga rigar, don ita ta jawo komai.

Abdulhakeem, wanda zan aura, harkar sola yake yi. Ya fi shekara yana zarya ƙofar gidanmu ina fito masa da fuskar shanu. Ba muni gare shi ba, ba rowa ba, shirunsa ne kawai yake ƙona min rai. Mutum ya zo zance ya zauna yana kallon takalminsa, sai can ya ɗago ya ce, "Malama, ya yaran makaranta?" Shi ke nan fa hirar. Bai taɓa kiran sunana ba, ko a baki ko a waya, kullum Malama.

Umma kuwa nata ɗan takarar daban: Ma'azu, ɗan aminiyarta Hajiya Fasuma. Ba zan ɗauki alhakinsa ba, mutumin kirki ne, sai dai in ya fara magana ji nake kamar an kunna min sanarwa a rediyo. Safe da yamma Umma tana kaina. "Ƙannenki biyu suna ɗakunansu, ke kina nan kina tsince maza kamar mai tsintar shinkafa. Me Ma'azu ya rasa?" Ni dai sai in ce Umma a yi min addu'a, in sulale ɗaki.

Ana haka Abdulhakeem ya je Umara ya dawo da tsaraba. Doguwar riga ce koriya shar, da aikin zare ruwan gwal a wuya da bakin hannu, mai shafi mai santsi daga ciki. Ƙanwarsa ce ta kawo, ta damƙa wa Umma kamar yadda ya dace. Ta ɗan kwana biyu a ɗakin Umma, wai za a rage mata tsawo, sannan ta iso hannuna.

Ranar da na fara sa ta, suna zan je. Ina hanya aka kira ni cewa jinin Abba ya hau, an wuce da shi asibiti. Na isa a gigice, mayafi a hannu. Ina tura ƙofar ɗakin na tarar da Abdulhakeem durƙushe a ƙasan gado, ya ɗora ƙafar Abba a cinyarsa yana yanke masa farce, su biyun suna musu a kan ƙwallo. Mutumin da ba ya iya haɗa min jimla uku! Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ƙeyarsa, na ji wani abu ya juya a ƙirjina. Tun daga ranar ban sake zama daidai ba. Ina son shi, so irin wanda har kunyar kaina nake ji.

Da na faɗa a gida, Umma ta ce, "Allah ya sanya alheri." Ba ta sake ambaton Ma'azu ba. Sai dai duk ranar da zai kawo Hajiya Fasuma gidanmu, sai ta leƙo ɗakina ta ce, "Sa koriyar nan mana, ta fi karɓar ki." Ni a tunanina so take ta nuna musu cewa 'yarta ta yi goshi.

Ƙawayena ne suka ce lallai ankon dina ya zama ɗinkin koriyar rigar nan sak. Anti Barira, ƙanwar Umma, mai shago a Kantin Kwari, ta ce in biyo ta Caina, akwai wata tela a Panyu da ko hular kanka ka ajiye mata sai ta haifo maka 'yan uwanta. Ana gobe za mu tashi Umma ta gan ni ina ninke rigar.

"Ina za ki kai ta?"

"Samfur, Umma."

"Ki ɗauki hotonta mana. Kada su lalata miki."

"Hoto ba ya nuna ɗinkin ciki."

"Na ce ki bar ta."

Na ce to. Tana fita na cusa ta can ƙasan akwati, ƙarƙashin garin kunu da yajin Anti.

Masaukinmu a Sanyuanli yake, ɗaki ɗan mitsitsi, gadaje biyu da taga mai kallon bangon wani bene. Zafin garin nan mai danƙo ne, kina fitowa daga wanka kina neman wani. Mai yi mana tafinta Samiratu ce, 'yar zangon Kumasi, ta daɗe a nan tana harkar tura kaya. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya ce" ne, kuma in ta juya harshe zuwa Sinanci sai ki rantse a nan aka yanke mata cibiya.

Ita ta kai mu wajen telar. Hawa na uku a wani tsohon bene, kekunan ɗinki a jere suna ta ruri, fanka tana kaɗa ƙyallaye. Telar, Madam Fan, 'yar gajeriya ce, tabarau a saman hanci, tef ɗin awo a wuya. Ta gaishe mu da ni hao, ta karɓi rigar ta juya cikinta waje, tana bin ɗinkin da yatsa kamar likita.

"Sem-sem?" ta tambaya, wato a yi irinta sak.

"Sem-sem, lawban!" in ji Anti, haka ake ce wa mai shago a nan. "Samiratu, faɗa mata ko zare ɗaya kada ta canza."

Samiratu ta yi dariya. "Hajiya, a yi hankali da kalman nan fa. Mutanen nan in kin ce sem-sem, sun ji sem-sem. Wani ɗan garinmu ya kawo kaftani da faci a aljihu, inda dutsen guga ya ƙona. Da ya zo karɓa, kowane kaftani da facinshi."

Muka yi ta dariya, har da ni. Na miƙa awon ƙawayena, muka zaɓi yadi ruwan zuma, muka tafi.

Ranar karɓa ta faɗo Juma'a. Da na farka na tarar da saƙon Abdulhakeem ya samu ya shigo:

"Malama, na biya wajen Abba da yamma, ya ci tuwo sosai. An ce ana ruwa a can, ki riƙa fita da lema."

Na karanta shi ya fi a ƙirga, ina murmushi ni kaɗai kamar wata sokuwa. Anti ta ce ita masallacin Huaisheng za ta, ba za ta rasa jam'i saboda tsumma ba. Ni ina fashin salla, sai aka ce mu je da Samiratu mu karɓo, mu same ta a gidan taliyar Musulmin da ke kusa da masallacin.

Madam Fan ta tarbe mu da fara'a. Riguna sun fi ashirin a rataye, kowace cikin leda, aikin wuyan nan ya fito kamar a Makka aka yi shi.

"Kai, ya yi kyau paa!" in ji Samiratu.

Na ɗauki wadda ta yi kusa da awona na shiga bayan labule. Ta zauna min ɗas. Ina shafa gefen ƙirjina na hagu don in daidaita ta, sai na ji wani abu mai tauri a cikin shafin, ɗan ƙarami kamar dunƙulen magi. Na ce ko alli suka manta. Na fito na laluba wata rigar, yana nan. Na laluba ta gaba, yana nan. Duka, a wuri ɗaya, daidai saitin zuciya.

"Yaya Samiratu, tambaye ta mene ne wannan."

Madam Fan ta washe baki irin na wadda aka yaba wa aiki. "Sem-sem!" ta ce, ta buɗe durowa ta ɗauko koriyar rigata. Ta farke shafin daga gefe, inda soson da ke ƙirjin rigar ya yi kauri, wurin da hannuna bai taɓa kaiwa ba. Ta zaro wani abu ta ɗora min a tafin hannu.

Jama'a, laya ce. Baƙar fata, an ɗinke bakinta tsaf, tana ƙamshin wani turare da ban sani ba.

Madam tana ta bayani, Samiratu tana fassarawa, muryarta tana raguwa. "Ya ce ya ga abin a ciki, ya ɗauka na sa'a ne, irin nasu da suke ratayawa. Ya ce bai buɗe ba, ba kyau a buɗe na mutane. Shi ne ya yanka fatan roba ya cusa ƙyalle, ya sa ma kowane riga nashi. Yana tambaya ko ya mayar miki da naki ciki."

Kekunan nan suna ta ruri amma kamar daga wani gari nake jin su. Samiratu ta matso ta rage murya.

"Ƙanwata, wa ya ba ki rigan?"

"Wanda zan aura."

Ta kawar da kai. Da ma ta yi magana, da ya fi min sauƙi.

Na fita na zauna a kan matattakala, layar a hannuna. Lissafi ya riƙa zuwa da kansa. Shekara guda ba na son ko jin sallamarsa. Ya kawo riga. Ranar da na fara sa ta, ranar na fara son shi. Ku faɗa min tsakani da Allah, da ku ne me za ku ce? Na ji kamar an shigo ɗakina ina barci an sauya min kayan ciki. Na danna wajen ɗaukar murya, ina kuka ina magana:

"Abdulhakeem, na ga abin da ka sa a rigar. Ga shi a hannuna. Ashe shi ya sa ba ka wahalar da bakinka, ka san akwai mai yi maka magana. Ashe duk abin da nake ji a raina ba nawa ba ne. Ranar da ka durƙusa kana yanke wa Abba farce, ashe zuwa ka yi ka ga ko aiki ya ci. Ka turo a kwashe kayanku. Kuma ban yafe ba."

Na saki. Ɗan agogon nan mai nuna saƙo bai tafi ba ya fito a gefensa ya tsaya. VPN ya yanke. Na kashe na kunna, na ɗaga wayar sama, na jijjiga ta, ko gezau.

Muka bar rigunan a can, Samiratu ta ce wa Madam za mu dawo. A jirgin ƙarƙashin ƙasa na samu wuri na zauna tsakanin wata tsohuwa mai kwandon ganye da wani saurayi mai barci. Nan kaina ya ƙara kwancewa. Rigar nan ta fi mako a hannun tela, ko ganin ta ban yi ba, to me ya sa yau da safe na rungume waya saboda an ce in fita da lema? Ko abin yana aiki daga nesa ne? In kuma ya daina aiki, wannan ciwon da nake ji yanzu na mene ne? Mutum yana kukan rabuwa da wanda ba ya so?

"Yaya Samiratu, in an cire abin, son yana fita?"

"Wallahi ban sani ba. Wasu sun ce in ya shiga jini ya shiga. Ni dai kaya na sani, kwantena da awo."

"To ni yanzu ina son shi ko ba na son shi?"

Ta dube ni da tausayi. "Ni za ki tambaya?"

Haushi ya sake taso min, don na ga ko amsar wannan ba ni da ita, kuma shi ya jawo. Na tura mata wayar. "Don Allah gyara min abin nan. So nake saƙon ya tafi yanzu, kafin zuciyata ta yi sanyi in fasa." Ta karɓa ta shiga latse-latse, tana cewa nata ma tun safe meyo, babu, amma akwai wani VPN da 'yan Nijar suke amfani da shi, bari ta sauko min da shi.

Mun fito an sauko daga masallaci. Titin Guangta ya cika da jama'a, manyan riguna da jallabiyoyi da fararen hulunan Musulmin Caina, ana ta gaisawa da Hausa kala-kala. Muka tarar da Anti Barira a can ƙuryar gidan taliyar, ta baje mayafi, carbi a gefe, tana fama da taliya da cokali mai yatsu don ta rantse ba za ta taɓa cin abinci da tsinke ba.

"Ina kayan? Ke lafiya, idonki ya yi haka?"

Na ajiye layar kusa da kofin shayinta.

Cokalin ya tsaya a iska. Ta dubi layar, ta dube ni, ta sake duban layar. Na zaci salati za ta yi ta tambayi ta wace ce. Sai na ji ta ce a hankali, kamar da kanta take magana:

"Ashe ba ta cire ba."

"Wa, Anti?"

Ta ja mayafi ta rufe baki, amma magana ta riga ta fita.

"Anti, wa?"

"Yaya mana. Uwarki." Ta sauke numfashi. "Zauna, 'yar nan, kina tara mana mutane. Ni na raka ta wajen malamin, ba zan yi miki ƙarya ba, ranar Juma'a ce yau. Da rigar ta zo ta ga irin son da kika yi mata tun a leda, ta ce wannan ce za ki riƙa sawa. Ita ta farke da hannunta ta ɗinke. Ranar da aka sa ranarki na ce Yaya, abin nan ya ƙare, ki cire. Ta rantse min ta cire. Shi ya sa da na gan ta a hannun telar nan ko a jikina."

Na zauna. "Umma? Umma ce ta haɗa kai da Abdulhakeem?"

"Wane Abdulhakeem? Yaron da ko sanin hanyar gidan malamin bai yi ba?" Ta zaro ido. "Don Ma'azu aka yi! Sunanki da na Ma'azu aka kai. An ce kina sa ta, kina haɗa ido da shi, magana ta ƙare."

"Ma'azu?"

"Ma'azu. Kika sa riga kika fito tsaf, yana tsakar gida ya kawo uwarsa, kika ce masa sannu kika wuce, kika je asibiti kika so wani." Dariya ta ƙwace mata, tana yi tana share hawaye da gefen mayafi. "Da ma ni malamin nan bai kwanta min ba. Kuma ki gode wa Allah matar nan ba ta buɗe ta kwafi rubutun ciki ba, da ranar dina ƙawayenki kaf sun tashi sun bi Ma'azu."

Ban san me zan fara ji ba, wallahi. Farin ciki ne ya fara zuwa, mai ƙarfi, har sai da na dafe tebur. Nawa ne. Son nan nawa ne, ba wanda ya sa min shi, har ma ture wani ya yi ya fito. Kafin in gama jin daɗin sai Umma ta faɗo min a rai. Umma da take zaɓar min labule, take kirana kullum ta ce in duba mata tukwane masu kyau na gara, ashe tana nan tana jira abin ya ci ko da saura kwana ɗaya. Duk "sa koriyar nan" da ta riƙa faɗa ya dawo min ɗaya bayan ɗaya. Na ji tausayinta, na ji tsoronta, na ji haushinta, duk a lokaci guda. Ta yaya zan koma in kalli idonta? In ce na sani, ko in yi shiru in mayar mata da rigar a ɗinke?

"Kada ki ce daga bakina kika ji," in ji Anti. "Kuma kada yaron nan ya ji ko da wasa. Namiji ya ji surukarsa ta yi masa haka tun kafin a ɗaura, ai ba zai sake sakin jiki a gidanku ba."

Yaron nan.

Na juya wajen Samiratu, wadda tun shigowarmu ta koma kusa da ƙofa inda ta ce sabis ya fi ƙarfi, ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Na miƙe, kujerar ta kife a bayana.

"Yaya Samiratu, tsaya! Kada ki..."

Ta ɗago wayar sama tana murmushin wadda ta ci nasara. "Ya tafi! Na ce miki na 'yan Nijar ya fi."

Na fizge wayar. Agogon ya ɓace. Layi biyu ne a wurin, kuma ina kallo suka rikiɗe suka koma shuɗi. A Kano gari bai daɗe da wayewa ba, na san yana zaune a tabarmar ƙofar ɗakinsa da kofin shayi, ya ga saƙon murya daga Malama ya danna da murmushi. Na nemi wajen gogewa, amma me zan goge a kunnen da ya riga ya ji?

Saman wayar ya nuna yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya sake tsayawa, ya daɗe. Anti tana tambayata me ya faru, Samiratu tana tambayar Anti. Sai saƙon ya shigo, kalma biyu:

"Ni, Surayya?"

Tunda nake da shi bai taɓa rubuta sunana ba sai yau.

Na fara bugawa kamar mahaukaciya. Na rubuta ba kai ba ne, na goge, don zai ce to waye. Na rubuta Umma ce, na goge, Anti ta riƙe min hannu tana girgiza kai. A ƙarshe na rubuta abin da ya rage min kawai: "Don girman Allah ka yafe min, na yi kuskure, ina son ka, kada ka faɗa wa kowa sai mun yi magana." Na danna.

Ɗan agogon ya fito a gefensa ya tsaya.

Yanzu muna masauki, rana ta kusa faɗuwa, layar tana kan durowa kusa da yajin Anti. Wannan rubutun ma a waya nake tara muku shi, ban san yaushe zai fita ba. Na kashe na kunna har batir ya yi ja. Zagin da na yi masa ya isa Kano tun ɗazu, ban haƙurin kuma yana nan a hannuna, agogon bai motsa ba.